Yadda za ka kwashe akwatunan imel zuwa sabuwar saba mitin bai rasa mai shi ba

Duk wanda ya taɓa kwashe imel ɗin ofis daga tsohuwar saba ya san kiran safiyar Litinin ɗin nan, oga yana so ya ɗaga mitin ɗin da shi da kansa ya kira, Outlook kuma ya kafe wai ba shi ne mai mitin ba. Wasiƙu duk sun iso lafiya lau, kalanda ce ta rikice. Tunda Microsoft ta daina kula da manhajar sabar imel ɗinta, Exchange 2016 da 2019, ranar 14 ga Oktoba 2025 ofisoshi ke ta ƙaura zuwa Microsoft 365, inda imel ke zaune a sabobin Microsoft ta intanet, to gara mu san inda gizo ke saƙa.

Exchange a cikin gida ba da adireshin imel yake gane mutum ba, akwai wani dogon suna mai farawa da /o= da ake ce wa legacyExchangeDN, shi ne manne a jikin tsofaffin mitin a matsayin wanda ya kira. In ka buɗe sabon akwati sabon suna ake ba shi, sai mitin ya riƙa neman mai shi na da, babu shi. Shi ya sa in wani ya amsa gayyata saƙon ke dawowa da rubutu mai farawa da IMCEAEX.

Don haka kafin ka taɓa komai, ka buɗe PowerShell, tagar da ake rubuta umarni, ka yi Get-Mailbox ka fitar da legacyExchangeDN na kowa da kowa zuwa fayil ɗin CSV, har da akwatunan ɗakin taro, su ake yawan mantawa. Ka adana fayil ɗin nan wuri biyu don Allah, in an kashe tsohuwar saba samo shi sai an sha wuya. Bayan ƙaura sai ka ƙara wa kowa tsohon sunansa da Set-Mailbox, ka sa X500: a gabansa. In kuna haɗe da Entra Connect, manhajar da ke kai sunayen ma'aikata daga gida zuwa Microsoft 365, to a Active Directory na gida, wato rajistar ma'aikata, za ka sa shi cikin proxyAddresses, can Microsoft 365 ba zai karɓa ba. Masu ƙaura ta hybrid, wato haɗa sabar gida da Microsoft 365, an hutar da su, tsarin yake ɗauko tsohon sunan da kansa, masu jido da PST, fayil ɗin da Outlook ke juye akwati ciki, su ne ke shan ta.

IMAP kuwa, wata hanyar ƙaurar, wasiƙu kawai yake kwasowa, ba kalanda ba lambobin mutane, kada wani ya ruɗe ka da sauƙinsa.

Sai maganar sakatare. Ka duba wa ke da izini a kalandar wa da Get-MailboxFolderPermission ka rubuta, kuma oga da sakatarensa a kwashe su rana ɗaya a rukuni ɗaya, in ka raba su aikin ofishin ya tsaya cak. Ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu akwati da Faransanci, sunan foldar Calendrier ne, in ka rubuta Calendar zai ce bai gan ta ba.

Wanda ya bar aiki kuma yana da mitin mai maimaituwa duk mako, kada ka goge akwatinsa sai ka soke su da Remove-CalendarEvents, in ba haka ba ɗakin taro zai yi ta nuna an kama shi alhali ba kowa ciki.

In kuwa aikin gama ya gama, ka sa X500 amma mitin bai dawo hannun mai shi ba, Outlook ba shi da maɓallin canza wanda ya kira mitin. Mai shi ya sake kiran sabo, mahalarta kowa ya goge tsohon daga kalandarsa da hannu. Ni dai yanzu mutum ɗaya nake fara kwashewa, in sa shi ya canza lokacin wani tsohon mitin nasa a gabana, sai na ga sanarwar ta shiga wayar sauran sannan in taɓa na biyu.