Yadda Ake Gina Ɗakin Awaki da Tumaki

Danshi da rashin iska suna cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar awaki da tumaki a ɗaki, don haka da su za ka auna duk abin da za ka gina.

Zaɓi wuri mai tudu wanda ruwa ba ya kwanciya. A ƙasa mai zafi, tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa dukan doguwar katanga safe da yamma. Kowace babbar akuya ko tunkiya tana buƙatar fili kamar murabba'in mita 1.5, mai shayarwa kuma mita 2 zuwa 2.5. Rago da bunsuru a ware musu nasu ɗakin. Idan aka cunkusa su, masu ƙarfi za su hana raunana cin abinci, cuta kuma ta yi saurin zagayawa.

Daɓe shi ne inda aka fi yin kuskure. Mafi kyau a ɗaga shi daga ƙasa kamar mita 1, a jera katako da tazarar santimita 1.5 tsakaninsu. Wannan tazarar ba abin wasa ba ce. In ta yi faɗi, kofaton 'yan awaki zai maƙale har ƙafa ta karye. In ta matse, kashi zai toshe ta, daɓen ya koma kwatami. Da tazarar da ta dace, kashi da fitsari suna zubewa ƙasa, kofato ya zauna a bushe bai ruɓe ba, dabbar kuma ba ta sake haɗiyar tsutsar ciki daga kashinta. Ginshiƙan a ɗora su kan siminti saboda gara. Wanda ya zaɓi daɓen siminti, ya ba shi gangare na santimita 2 zuwa 3 a kowace mita zuwa magudana, kuma kada a goge shi ya yi santsi.

Katanga ta tsaya a mita 1 zuwa 1.2, daga nan zuwa rufi a sa raga. Fitsari yana fitar da ammoniya, wata iska mai zarni da ke ƙona hanyar numfashi, ita ce ke buɗe wa ciwon huhu ƙofa. Ga gwaji mai sauƙi: da sassafe ka durƙusa daidai tsayin hancin dabbar. In zarni ya sa maka hawaye, iskar ɗakin ba ta isa ba. Bakin rufin ya zarce katanga da aƙalla santimita 60 saboda feshin ruwan sama. Rufin kwano yana tara zafi sosai, sai a ɗaga shi ko a shimfiɗa ciyawa a kansa.

Kwamin abinci ya kasance a waje, su zuro kai su ci, kowace da wurin santimita 30 zuwa 40. Akuya ba ta son abincin da aka tattake.

Ka gina ƙaramin ɗaki nesa da babban. Duk dabbar da aka sayo, ko ta dawo daga kasuwa ko wurin baje koli, ta yi sati 3 zuwa 4 a can da kwaminta da mazubin ruwanta, ana lura da tari, majina da zawo, kafin ta shiga garke.