Darasi na 11: Ƙwayar da Ba a Dakawa

A gidajenmu, idan tsoho ya kasa haɗiye ƙwaya, abin da aka saba shi ne a murƙushe ta a cokali, a zuba a koko a ba shi. Da farasitamol ana yin haka a zauna lafiya. Amma akwai wata ƙwaya da wannan dabarar kan iya kashe mai shan ta, kuma ita ce darasinmu na yau.

Likita kan rubuta ta ga mai ciwo mai tsanani da ba ya ɗagawa dare da rana, kamar mai ciwon daji da ya taɓa ƙashi. Wadda aka fi bayarwa ita ce morfin. Akwai kuma oksikodon da tiramadol masu irin wannan haɗi. Ku ɗauko kwalin ku duba kusa da sunan maganin. Idan kun ga haruffa biyu, SR ko MR ko CR, to mai sakin magani a hankali ce. Ku rubuta haruffan nan a littafinku sau uku, don idonku ya saba da su.

Duk wanda ya taɓa jinya ya ga yadda ake ƙarin ruwa: leda guda, tana sauka ɗigo-ɗigo har tsawon yini. Haka aka yi wannan ƙwaya. Maganin awa 12 aka dunƙule a cikinta, yana fita kaɗan-kaɗan a cikin hanji. In aka daka ta, ko aka tauna, ko aka jiƙa ta a kunu, maganin awa 12 ɗin nan zai shiga jini a lokaci guda. Morfin mai yawa kuwa yakan danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa. Mutum ya yi barci, numfashinsa ya yi ta raguwa, 'yan gida suna cewa alhamdu lillahi yau ya samu sauƙi.

Mu karanta wannan hira tare. Wata mata ce ta zo karɓar wa surukinta magani.

"Sista, Baba ba ya iya haɗiye abu mai ƙarfi yanzu. In raba masa ita biyu?"

"A'a, Hajiya, ko da wuƙa kada ki taɓa ta. A haɗiye ta ɗungurungum da ruwa. In ya kasa, ki dawo mu gaya wa likita, akwai morfin na ruwa."

"To in ciwon ya taso masa da tsakar rana fa? In ƙara masa ɗaya?"

"Wannan ba ta gaggawa ba ce, sai ta ɗauki awanni kafin ta kama jiki sosai. Na ruwan nan shi ake bayarwa idan ciwo ya taso, gwargwadon yadda aka rubuta. Ki riƙa yin alama a takarda duk lokacin da kika ba shi. In alamun suka yi yawa, likita ne zai gyara ƙa'idar, ba mu ba."

Lokaci shi ne rabin aikin. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi sau 2 ake sha a rana, awa 12 tsakani: misali ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 8 na dare. A sha ko da ciwon ya lafa, domin aikinta ta tare shi kafin ya dawo. Ku sa ƙararrawa a waya, kuma a bar mutum ɗaya a gida ya zama shi ke bayarwa. Gidan da uwargida ta bayar, amarya ma ta bayar don tausayi, nan ake samun matsala. In an manta, kada a haɗa biyu don ramuwa. A kira wanda ya ba da maganin a tambaya. Da azumi kuwa, tsakanin sahur da buɗa-baki yakan kai awa 13 zuwa 14, don haka a je wa likita tun watan Sha'aban. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 185 ta Suratul Baƙara.

A kwanakin farko mai shan ta kan ji tashin zuciya da gyangyaɗi, galibi su wuce da kansu. A lokacin nan ba tuƙa mota, ba babur, ba aiki da injin niƙa. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida. Wannan kusan kowa yana samun sa, kuma mutane suna jin nauyin faɗa. Ku roƙi maganin sassauta ciki tun ranar farko, a yawaita ruwa, da miyar kuɓewa, da zogale, da gwanda.

Kada a haɗa ta da giya, ko maganin barci irin su diyazefam, ko maganin tari mai kodin. Dukkansu numfashi suke dannewa. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko asma, su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Ga alamomin da nake so ku haddace kamar sunan 'ya'yanku. Ana girgiza shi ba ya farkawa. Yana minshari mai gurnani da ba a san shi da shi ba. Leɓɓansa da farcensa sun yi toka-toka ko shuɗi. Baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura. Ku duba agogo ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: lafiyayyen babba yana yin 12 zuwa 20, in ya yi ƙasa da 10 ko yana tsayawa, ba a jira gari ya waye. Ku kwantar da shi a kan gefensa, ku nemi mota zuwa asibiti, ko ku kira 112 in a Najeriya kuke. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Ku tafi da kwalin. Akwai allurar da ke karya ƙarfin maganin, sunanta naloksan, amma ƙarfinta yana ƙarewa tun ƙwayar ba ta gama sakin nata ba. Shi ya sa ko ya farka ya ce a kai shi gida, sai ya zauna a ƙarƙashin idon ma'aikata.

Na san da yawanmu muna tsoron duk abin da ya yi kama da ƙwaya. Mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Tsoron yana da dalili. Amma raina yana ɓaci idan na ga an bar dattijuwa tana murƙususu wai kada ta saba. Wanda yake sha bisa ƙa'idar likita don ciwo na gaske, hakkinsa ne ya samu barci. Jiki dai yakan saba, shi ya sa ba a dainawa farat ɗaya. In an yi haka sai zufa, da gudawa, da ciwon gaɓɓai su taso. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali.

A ajiye ta a akwati mai makulli, ba a kan taga ko ƙarƙashin matashi ba. Ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ƙaramin yaro. Maƙwabci mai ciwon baya kuma kada a sam masa, domin abin da jikin Baba ya saba da shi ya fi ƙarfin wanda bai taɓa sha ba. Wadda ta rage a mayar da ita wurin da aka karɓo.

Aikin gida: ku ja layi 7 a takarda, kowane layi rana guda, ku raba shi gida biyu, "safe" da "dare". Ku rubuta lokacin shan magani a sama da lambobi. A bayan takardar ku rubuta lambar wayar mai mota ko mai Keke Napep da za ku iya tasa da tsakar dare, ku zo da ita aji na gaba.