Kafin ka biya kuɗin tsohon faifan garmaho, duba tsakiyarsa

Salamu alaikum 'yan uwa masu tara faifai. Kada kwali ya ruɗe ku, don ana sauya shi. Ku zaro faifan, ku haska tocilan waya a karkace kan ɗan filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. A nan ake karta lambobin bugu, wato lambobin da ke nuna wane bugu ne faifan, wasu da hannu, wasu da hatimi.

Misali, faifai na biyu na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Led Zeppelin, bugun Amurka na 1969. In ka ga "RL" a karce, aikin injiniyan sauti Robert Ludwig ne, yanka mai ƙara da nauyin sauti har allurar ƙananan na'urori ta riƙa tsalle, shi ya sa kamfanin Atlantic ya sake yanka shi da sanyin murya. Wanda yake da RL a fuska biyu shi ake rububi, kuma kuɗinsa ba wasa. Ni dai sai na kwafi lambar na duba a Discogs, shafin intanet na bayanan faifai da cinikinsu, kafin in ce uffan kan ciniki.

Sannan ku jera su a tsaye, nesa da rana. Zafin watan Afrilu na lanƙwasa faifai kamar tasa.