Yadda Ake Kwatanta Manyan Wayoyi Kafin A Zuba Kuɗi

Kwanakin baya ƙanena ya kira ni daga kasuwar waya, muryarsa cike da ɗoki. "Yaya, ga iPhone 15 Pro Max ga Galaxy S24 Ultra a gabana, wacce zan ɗauka? Mai shago ya ce kyamarar Samsung megafiksel 200 ce, ta iPhone 48 kawai." Na ce ya ajiye duka biyun, kada ya ba da ko sisi sai na iso. Wata da watanni ya yi yana tara kuɗin nan, kuma irin waɗannan wayoyi sabuwarsu a kwali ta haura naira miliyan ɗaya. Ina jin ciwo in ga mutum ya zuba irin wannan kuɗi saboda lamba ɗaya da aka karanto masa daga bayan kwali. Ga hanyar da muka bi ranar, kuma ita nake bi duk lokacin da aka nemi shawarata.

Fara da sanin wace waya ce a hannunka

Suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Galaxy S24 da S24+ na shekarar 2024, waɗanda aka sayar a Amurka suna ɗauke da ƙwaƙwalwar Snapdragon 8 Gen 3, na Turai da ƙasashe da yawa kuwa Exynos 2400 aka sa musu. S24 Ultra ce kaɗai ta zo da Snapdragon a ko'ina. Tunda yawancin wayoyin hannu da ake kira 'yan Landan daga ƙasashe daban-daban ake kwaso su, sai ka shiga setin ka duba lambar samfurin da idonka.

A iPhone, haruffan ƙarshen lambar samfuri suna faɗa maka ƙasar da aka yi wa ita: LL/A ta Amurka ce, B/A ta Ingila. Harafin farko kuma M sabuwa ce da aka sayar a shago, F kamfani ya sabunta ta, N kuma canji ce da aka ba mai garanti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun daga iPhone 14 duk wadda aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da ramin sa layi, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna ba da shi a Najeriya, amma wanda ya saba zare layi daga wannan waya ya mayar wata idan caji ya ƙare, ya yi tunani tukuna. Idan ka ga 'yar Amurka daga 14 zuwa sama da ramin layi, an buɗe ta an yi mata aiki.

Haka wayoyin da aka yi wa kasuwar cikin Sin: da yawa ba sa zuwa da manhajojin Google, kuma wayoyin Huawei tun 2019 ba su da su. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ciniki ya ƙare a nan.

Sai ka gwada ta da zafi

A nan nake so ka fi daɗewa, don a nan ne teburin lambobin intanet ba zai taimake ka ba. Masu gwajin wayoyi a Turai da Amurka cikin ɗaki mai sanyi suke gwajinsu. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Sakkwato, Maiduguri, Kano ko Yamai, watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Ƙwaƙwalwar waya idan ta ɗauki zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, fuskar ta dushe, wani lokaci kyamara ta ƙi ɗauka, caji ma ya tsaya. Saboda haka tambayar ita ce, wacce ce ke riƙe ƙarfinta bayan minti goma sha biyar ana aiki da ita.

Gwajin mai sauƙi ne. Roƙi mai shago ya ba ka wayoyin biyu, ka kunna ɗaukar bidiyo na 4K a kowacce lokaci guda, ka bar su minti goma, haske a ƙure. Sannan ka taɓa bayansu kusa da kyamara, ka duba kashi nawa batir ya ci, ka buɗe manhajoji huɗu ko biyar ka ga wacce ta fara nauyi. Duk za su yi ɗumi, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wadda ta rage haske ko ta fito da gargaɗi.

Jikin waya yana da hannu a wannan. A 2023 Apple ya koma ƙarfen titaniyom a iPhone 15 Pro, Samsung ya bi sahu a S24 Ultra, aka yi ta tallarsa. Ƙarfe ne mai ƙwari, ba nauyi, amma bai kai alminiyom fitar da zafi ba. A 2025 iPhone 17 Pro ta dawo jikin alminiyom, aka kuma sa mata wani faifan sanyaya ciki mai ɗan ruwa da ke zama tururi ya kwashe zafi, irin wanda manyan wayoyin Samsung suka daɗe da shi. A ganina, ga mazaunin Sahel, wannan faifan ya fi sunan ƙarfen da aka yi gefen waya da shi amfani nesa ba kusa ba.

Fuska: fita da ita rana

Kada ka yanke hukunci a kan sikirin a cikin inuwar shago, can kowacce kyakkyawa ce. S24 Ultra an ce haskenta ya kai nit 2600 (nit ma'aunin hasken fuska ne), iPhone 15 Pro kuma 2000, amma wannan ƙololuwar haske ce da ake samu na ɗan lokaci a ɗan ɓangaren fuska. Tsaya a bakin ƙofa inda rana ke duka, ka buɗe saƙo ka karanta. S24 Ultra tana da gilashin Gorilla Armor mai rage ƙyalli, kuma da muka jera su a rana ƙanena da kansa ya ga bambancin ba tare da na ce komai ba.

Ka kuma ja shafi sama da ƙasa da yatsa. Babbar waya ya kamata fuskarta ta riƙa sabuntawa sau 120 a daƙiƙa. iPhone 15 da 16 waɗanda ba Pro ba, 60 suke yi duk da tsadarsu, sai a iPhone 17 aka gyara. A Samsung danna *#0*# zai buɗe maka shafin gwaji: ja, kore, shuɗi, taɓawa, lasifika. Bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman tabo, inuwar tsohon rubutu da ta ƙone a fuska, ko siririn koren layi. Ni kaina na taɓa sayen waya a wani shago aka rantse mini ba a taɓa buɗe ta ba, sai bayan mako biyu na lura gefen fuskar yana ɗagowa, ashe an canza ta da wadda ba orijina ba. Kuɗin orijina ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wayar. A iPhone, sashen About cikin setin yana nuna tarihin kayan da aka canza, kuma yakan faɗa idan ba na kamfani ba ne.

Kyamara

Yawan megafiksel ba shi ne kyan hoto ba. Kyamarar nan mai 200, a ɗaukar yau da kullum haɗe ɗigo 16 take yi su zama ɗaya, hoton ya fito wajen megafiksel 12. Abin da ya fi tasiri shi ne girman idon da ke karɓar haske da kuma yadda manhajar wayar ke sarrafa hoton. Xiaomi 14 Ultra megafiksel 50 ce, amma idonta na ajin inci ɗaya ne, ya fi na S24 Ultra girma.

Hoto uku nake ɗauka da kowace waya. Na farko, fuskar mutum baƙi ko wankan tarwaɗa yana tsaye ƙofa na bayansa, haske na shigowa. Wasu wayoyin sukan mayar da fatarmu toka-toka, wasu su goge ta har mutum ya zama kamar an shafe shi da hoda. Wadda ta bar launin fata yadda Allah ya yi shi, ita nake ba maki. Na biyu, abu mai motsi a wuri mai ƙarancin haske, ko da yaron shago ne yana kaɗa hannu, domin hotunan biki da suna da na yara duk haka ake ɗaukar su. Na uku, allon wani shago daga nesa da zuƙowa sau biyar, inda duka S24 Ultra da 15 Pro Max ke da ido na musamman. Zuƙowa sau 100 da ake talla, manhaja ce ke cike gurbi, kada ya ruɗe ka. Sannan ka faɗaɗa hotunan ka duba gashi, zaren hula da rubutu.

Batir, caji da ma'ajiya

Inda wuta ke zuwa awa biyu ta tafi, saurin caji ya zama abin lissafi. S24 Ultra batirinta 5000mAh ne, tana karɓar caji mai ƙarfin wat 45, ƙaramar S24 kuwa wat 25. OnePlus 13 ta zo da 6000mAh, cajinta kuma ya ninka na ƙaramar S24 fiye da sau uku. Kada ka auna girman batirin iPhone da na Android kai tsaye, kowanne da yadda yake cin wuta. Ka kuma sa kuɗin kan caja na kirki a lissafi, don Apple ya daina sa shi a kwali tun 2020, Samsung tun 2021, kuma cajar jabu da wutar janareto sun kashe wayoyi da yawa.

In ta hannu ce, duba lafiyar batir. Apple ya ce batirin iPhone 15 zai riƙe kashi 80 bayan cikakken caji sau 1000, na 14 da na baya kuwa sau 500, kuma 15 tana nuna maka adadin cajin da aka yi mata. Tsohuwar waya mai lafiyar batir kashi 100, an canza ne, sai ka tambayi da wane iri.

Ma'ajiya kuwa, manyan wayoyin Samsung sun daina karɓar memori tun S21, iPhone ma ba ta taɓa karɓa ba. Ɗauki 256GB in da hali. A S23 da S24 ma, mai 128GB ma'ajiyarta ta fi ta mai 256GB jinkiri.

Shekara nawa za ta yi maka

IP68 da ake rubutawa, 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 8 na nufin tana jure nitsewa a ruwa: mita 1.5 na minti 30 a Samsung, mita 6 a iPhone na yanzu. Mu da ke shan ƙurar hunturu, 6 ɗin ta fi mana amfani. Sai dai da zarar mai gyara ya buɗe waya, wannan kariyar ba ta da tabbas, kuma garanti ba ya biyan ɓarnar ruwa.

Duba kuma tsawon lokacin da kamfani zai ci gaba da sabunta manhaja. Google ya yi alƙawarin shekara 7 tun daga Pixel 8, Samsung shekara 7 tun daga S24, alhali S23 sabuntawar Android huɗu aka yi mata alƙawari. iPhone 11 ta 2019 ta samu iOS 26 a 2025. Tsakanin S23 Ultra da S24 Ultra, wannan kaɗai ya isa ya rinjayi ciniki.

Daga nan ka bar mai sayarwa ka je layin masu gyara, ko a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ko kasuwar garinku. Ka ce, "Injiniya, in fuskar wannan ta fashe, akwai orijina a ƙasa, nawa ne kuma?" Ka yi tambayar a kan batir da ramin caji. Kayan iPhone da Samsung ana samunsu cikin sauƙi, na Pixel da OnePlus kuwa sau da yawa sai an yi oda an jira. Ka tambaye shi kuma wacce ta fi saurin sayuwa idan ka tashi canzawa.

Kafin ka ƙirga kuɗi, sa layinka ka kira wani, ka tabbatar ba a kulle ta a kan wani kamfanin sadarwa na waje ba. A goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ka shigar da asusunka na iCloud ko Google, don waya mai asusun wani a ciki ba taka ba ce. A rubuta maka rasit mai lambar IMEI da kwanakin garanti.

Ƙanena S24 Ultra ya ɗauka, saboda yini yake a rana yana ɗaukar hoton kayan da yake sayarwa, kuma ita ce ya iya karantawa a bakin ƙofa. Wadda aka fara miƙa masa mun mayar, don shafin ja ya nuna ɗan tabo a kusurwa. Ta biyu ce ta tsallake gwajin, mai shago ya rubuta mana garantin wata ɗaya a kan rasit.