Yadda malamin lissafi zai yi digiri na biyu ba tare da ya ɓata shekarunsa ba

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri, sai ka tarar da matasan malamai a ɗakin malamai kowa ya duƙufa kan waya, ana tambayar nawa ne fom, yaushe za a rufe. Da wuya ka ji mai tambayar wane kwas ne ya dace da shi. A shekarun da na yi ina koyar da lissafi a sakandare na ga wanda ya sayi fom sau biyu ba a ɗauke shi ba, na ga wanda aka ɗauka ya tsere a zango na biyu, na kuma ga wanda ya gama ya jefa takardar a akwati don ba ta ƙara masa ko sisi ba. Ga yadda nake gaya wa ƙannena su bi.

Mataki na farko: ciro takardar digirinka ka karanta abin da ke rubuce a kai

Idan B.Sc ce ta lissafi tsantsa, ko ta kimiyyar ƙididdiga, ko injiniya, to ko shekara goma ka yi riƙe da alli, a idon doka ba ka zama malami ba tukuna. Abin da ke gabanka shi ne PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri. Kimanin shekara ɗaya ake yi, har da gwajin koyarwa a aji. Ana yin ta a tsangayoyin ilimi na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, ana yi a NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa mai karatu daga nesa, ana kuma yi a cibiyoyin NTI, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna. Ga mai aiki da iyali, ni NTI ko NOUN nake zaɓar masa, don ba sai ya bar ajinsa ba. Da ka gama sai ka rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda ake yi a kwamfuta, ka karɓi lasisinka.

Idan kuwa B.Sc (Ed) ko B.Ed gare ka, wato digirin da ya haɗa da koyarwa, kada ka ɓata kuɗi a kan PGDE. Ka riga ka wuce wurin.

A duba darajar digiri ma. Yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar wanda digirinsa ya gaza daraja ta biyu ƙarama, wato Second Class Lower, kai tsaye zuwa digiri na biyu, sai ya fara yin difiloma. Takardar bautar ƙasa, ko ta yafe ta, ita ma dole ce.

Mataki na biyu: M.Ed ko M.Sc

A nan mutane suka fi yin tuntuɓe, don suna ɗauka duk digiri na biyu ne. Ba hanya ɗaya ba ce. M.Ed a fannin koyar da lissafi a tsangayar ilimi ake yin sa. Abin da za ka karanta shi ne manhaja, da dabarun koyarwa, da auna fahimtar ɗalibi, da hanyoyin bincike. Tambayarsa ita ce, me ya sa yaro ɗan aji biyu yake tara 1/2 da 1/3 ya samu 2/5, kuma yaya za a raba shi da wannan kuskure. M.Sc kuwa a sashen lissafi ake yin sa, kuma can babu ruwansu da yaro. Analisis ne, da aljabara mai zurfi, da topoloji, hujja a kan hujja daga safe har yamma.

Ka tambayi kanka inda kake so ka tsaya nan da shekara goma. Idan a sakandare ne, ko ofishin sa ido kan makarantu, ko horar da malamai a kwalejin ilimi, ɗauki M.Ed. Idan burinka ka koyar a sashen lissafi na jami'a, M.Sc ne kawai, don M.Ed ba zai buɗe maka wannan ƙofa ba. Mai B.Sc (Ed) da ke son M.Sc ya je sashen da ƙafarsa kafin ya sayi fom, ya nemi malamin da ke kula da ɗaliban digiri na biyu ya nuna masa kwasa-kwasan da ya yi. Wasu sassan suna ɗauka, wasu sai sun mai da kai difilomar lissafi. Kuɗin mota zuwa can bai kai kuɗin fom da za ka yi asara ba.

Shawarata kuma, wanda ya shekara biyar rabonsa da rubuta hujjar lissafi kada ya shiga M.Sc sai ya yi wata uku yana bitar littattafansa na aji uku da aji huɗu na jami'a. Wanda na ce ya tsere a zango na biyu, abin da ya kore shi ke nan.

Mataki na uku: takardu biyu da ake mantawa da su

Ta farko transkirif, wato jerin sakamakon kwasa-kwasanka daga tsohuwar jami'arka. Nemi ta tun ranar da ka yanke shawara, ba ranar da aka fitar da sunaye ba, don takan ɗauki watanni. Ta biyu izinin wurin aikinka. Malamin gwamnati ya rubuta ta hannun shugaban makaranta zuwa ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke biyansa, ya jira amsa a rubuce, ko na hutun karatu ne ko na yi yana aiki. "Je ka kawai, ba komai" na baki ba ya shiga fayil. Ranar da ka kawo shaidar kammalawa don ƙarin girma, wannan wasiƙa za a fara nema.

Mataki na huɗu: kundi

Darussan aji ba su cika kayar da malamin lissafi ba. Kundi ne ke riƙe mutane, kuma ni ma nan na sha wuya.

Yawancin kundin M.Ed a fanninmu gwaji ne. Ka ɗauki azuzuwa biyu, ka yi musu jarrabawar farko, ka koyar da ɗaya da sabuwar dabara, ɗayan da yadda aka saba, wajen mako shida, sannan ka sake yi musu jarrabawa ka kwatanta. A takarda abu ne mai sauƙi. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne kalandar makaranta ba ta jiran kowa.

Na zaɓi 'yan SS3, don ina ganin su suka fi hankali. Aka amince da babi uku na farko a ƙarshen watan Maris. Na buga takardun jarrabawa, na yanka kwalaye na haɗa siffofi da hannuna, na ɗaure su a bayan babur na tafi makarantar da aka ba ni izini. Na tarar an jera kujeru a zauren taro ana manna lambobi, WAEC ta ƙarato. Shugaban makarantar ya ba ni ruwa, ya ce, "Malam, yaran nan ba nawa ba ne yanzu, na jarrabawa ne." Ana gama WAEC a Yuni NECO ta kama har Yuli, daga nan yaran suka watse. Na koma na canza aji, na sake rubuta tambayoyi, na sake kai su a tantance, na biya kuɗin rajistar wata shekara cur. Kwalayen nan sai da damina ta lalata rabinsu a ɗaki.

Saboda haka ɗauki SS2, ko JS2 in ƙaramar sakandare ce. Yi gwajinka a zangon farko ko na biyu, kuma ka fara a mako na biyu da komawa, lokacin da yara suka gama dawowa kuma ba a shiga gwaje-gwajen tsakiyar zango ba. Duba inda azumi da hutun Sallah suka faɗo a shekarar kafin ka sa rana. Zaɓi darasin da yake cikin tsarin aikin wannan zangon, domin babu malamin ajin da zai ba ka mako shida ka koyar da abin da ba zai fito a jarrabawarsa ba. Azuzuwan biyu su kasance a makarantu daban, in ba haka ba yara za su kwashe darasin su kai wa juna a lokacin tara. Tambayoyinka kuma ka fara gwada su a wata makaranta ta uku. Daga ranar gwajin za ka ƙirgo baya ka san lokacin da ya kamata malamin da ke duba aikinka ya sa hannu a babi uku, sai ka riƙa bibiyarsa cikin ladabi da wannan rana a zuciyarka.

Abu ɗaya da ke ba ni takaici: malamin lissafi ya kai alƙalumansa shagon kwamfuta a yi masa ƙididdiga a manhajar kwamfuta ta SPSS, ya biya, ya karɓo teburin da bai san ma'anarsa ba. Ranar kare kundi tambaya ɗaya za ta tona shi. Mako biyu sun ishe ka ka koya, kai da kake koyar da matsakaici da karkata kullum.

Mataki na biyar: kuɗi, da abin da ya biyo baya

Kada ka zauna jiran TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, tallafinta na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafi na sakandare ba. Ka shiga adashe, ka ware kuɗin rajistar shekara uku ko da an ce maka biyu ne, ban da na buga kundi da ɗaure shi. Wanda yake da ƙarfi a lissafi tsantsa kuma zai iya barin gida, ya nemi AIMS, cibiyar nazarin lissafi da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Tana ɗaukar nauyin karatu da masauki da abinci, kuma cikin shekara guda ake gamawa.

Idan ka kare kundi, yi gyare-gyaren a makon nan kafin jiki ya yi sanyi. Kai shaidarka ma'aikata haɗe da wasiƙar izinin nan, ka je TRCN a ɗaga ka daga rukunin C na masu digiri na farko zuwa B na masu digiri na biyu. Mai niyyar digirin digirgir ya ciro maƙala ɗaya daga kundin ya aika wa mujalla irin Abacus ta ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa tun alƙaluman ba su tsufa ba.