Yadda za ka gane aikin sinaptotagmin ba tare da hadda ba

Wallahi ɗalibai da yawa suna haddace sunayen furotin ɗin da ke sa jijiya ta saki saƙo, irin su sinaptotagmin, ne kawai, alhali in ka zana abin sau ɗaya shikenan ya zauna. Ɗauki biro ka zana ƙarshen jijiya, a ciki ka sa ƴan ƙananan jakunkuna cike da sinadarin isar da saƙo. Sai ka zana furotin uku da suka ɗaure jakar da bangon ƙwayar halitta, wato sinaptobrebin a jikin jakar, sintaksin da SNAP-25 a jikin bangon, su ake kira SNARE.

To yanzu ga gwanin, sinaptotagmin 1. Zana shi a jikin jakar da kawuna biyu, C2A da C2B. Da zarar saƙon lantarki ya iso, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki ya maƙale a kawunan nan, sai su cusa kansu cikin kitsen bangon, jakar ta haɗe da shi ta zubar da kayanta, duk wannan cikin ƙasa da milisakan ɗaya fa, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, abin mamaki ne sosai.

Kar ka manta da gwajin 1994, ɗakin binciken masanin kimiyya Thomas Südhof ya cire wannan furotin daga ɓeraye, sai sakin sinadarin na gaggawa ya kusan ɓacewa amma na jinkiri yana nan. Shi Südhof ya samu kyautar Nobel a 2013. A gefen zanen ka rubuta sinaptotagmin 7, yana da hannu a sakin jinkirin.