Yadda ake shirya raƙumi kafin ya keta Tenere

Ayarin gishiri da ke tashi daga yankin Agadas zuwa garuruwan Fachi da Bilma, ta cikin hamadar Tenere a Nijar, yakan kama hanya a watan Oktoba, bayan dabbobi sun ƙoshi da ciyawar damina. Shirin raƙumi kuwa tun kafin nan ake fara shi.

Da farko a duba tozo. Kitse ne a ciki, ba ruwa ba kamar yadda ake yawan faɗa, kuma shi ne guzurin dabbar. Tozon da ya tsaya ƙyam, ya yi tauri in an danna, mai shi zai kai. Wanda ya langaɓe gefe guda a bar shi a gida. Sai a ɗaga ƙafafu a duba tafinsu, domin ƙaramar tsaga ko ƙaya da ta maƙale kan zama gurguntaka bayan kwana uku a hanya. A shafa bayan ma: tsohon miki a inda kaya ke zama yakan sake buɗewa.

A riƙa ba shi gishiri ko kanwa makonni kafin tafiya. Buƙatarsa ta gishiri ta fi ta shanu nesa ba kusa ba.

Ranar tashi a bar shi ya sha har ya ɗaga kai da kansa, ya huta, a sake mayar da shi bakin rijiya. Mai tsananin ƙishirwa kan shanye kusan lita 100 cikin minti 15. Abin da ke riƙe ruwan nan shi ne rashin yawan gumi: zafin jikinsa kan sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya hau kusan 41 da rana kafin zufa ta karyo. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe. Shi ya sa kora da sauri a tsakar rana ɓarna ce, tana tilasta masa gumin da yake tattali.

Kaya kada ya wuce kilo 150 a doguwar tafiya, kuma a daidaita nauyin ɓangarorin biyu. Tenere ba wurin kiwo, don haka a ɗauki dammunan ciyawa, a ajiye wasu a zango saboda dawowa.

Idan kwiɓi ya faɗa, ido ya zurma, raƙumi ya gurfana ya ƙi tashi, a sauke masa kaya a raba wa sauran, a ja shi da akala ba komai a kansa har rijiya ta gaba.